Littafin aikin koyon jita a Aboabo: yadda jadawalin atisaye ke tafiya

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

An buɗe wannan littafi ne don a riƙa rubuta yadda atisayen 'yan koyon jita su shida ke tafiya a nan Aboabo, Kumasi: abin da aka sa a jadawali, abin da ya ci, da abin da aka soke. Babu wanda ya taɓa riƙe jita a cikinsu. Uku suna aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ɗaya tela ne, biyu ɗalibai. Jita huɗu ce a hannu, duk na gwanjo, uku masu tsirkiyar ƙarfe, ɗaya mai ta nailan, saboda haka mutum huɗu za su yi karɓa-karɓa bibbiyu. Haɗuwa ranar Asabar ce bayan La'asar, sauran kwanaki kowa a gidansu.

Yau ba a koyar da komai ba, jitocin aka duba, domin wasu daga cikin waɗanda ke ajiye jita a watan farko ba kasawa suka yi ba, kayan ne ba su da saiti. Awo uku aka yi wa kowace.

Na farko tsayin tsirkiya daga kan firet na 12, wato layin ƙarfe na goma sha biyu a wuyan jita. Ga mai tsirkiyar ƙarfe ana son wajen milimita 2.5 a ƙarƙashin tsirkiya ta 6, mai kauri, da milimita 2 a ƙarƙashin ta 1, siririya. In babu abin awo, a zura makullin Allen mai milimita 2.5 tsakanin firet da tsirkiya. In ya shige da sauran fili, ta yi sama. Biyu daga cikin jitocin sun haura milimita 4. Wanda ya fara koyo a kan irin wannan, yatsunsa za su tsage kafin ya fitar da sauti ɗaya mai kyau.

Na biyu lanƙwasar wuya. A danne tsirkiya ta 6 a firet na 1 da na 14 lokaci guda, a duba ratar da ta rage a kan na 7. Kada ta wuce milimita 0.2 zuwa 0.3. Samarin Magazine sun zo da fila-gejin da ake auna bakin fulogi da shi, kuma ya yi daidai da aikin. In ratar ta yi yawa, ana ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, a murɗa ta hannun dama, kada a wuce rubu'in zagaye a karo ɗaya, a sake saita tsirkiyoyi, a bar ta ta kwana kafin a ƙara. In sandar ta cije, a ƙyale ta. Mai ƙarfin hannu kan tsinke ta, gyaran kuwa ya fi kuɗin jitar.

Na uku jakin da tsirkiyoyi ke hawa a kan fuskar jita. Lissafinsa ninki biyu ne: in ana so tsirkiya ta sauka da milimita 1 a firet na 12, milimita 2 za a rage daga gindin jakin. A zare shi, a ja layi da fensir, a shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko tayil, a goga gindin a miƙe. Ba a taɓa samansa.

An sa wa masu ƙarfen ukun sababbin tsirkiyoyi masu lambar kauri 10 zuwa 47 maimakon 12 zuwa 53 da suka zo da su. Masu lamba 12 na jan wuya da nauyin kusan kilo 70, masu lamba 10 kusan kilo 60, kuma yatsa na jin wannan bambanci sarai. Na nailan jansu wajen kilo 40 ne kawai, shi ya sa ba a taɓa ɗaura tsirkiyar ƙarfe a kan jitar nailan: gadar, wato katakon da jakin ke zaune a kai, za ta ɓalle ko fuskar ta kumbura.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Jadawali na farko, minti 25 a kullum, kwana shida a mako:

Minti 2, saita tsirkiyoyi. Minti 3, motsa yatsu. Minti 8, kama kod, wato danna tsirkiyoyin da za su ba da sauti tare. Minti 5, sauyi tsakanin kod biyu. Minti 5, bugun hannun dama. Minti 2, rubuta abin da aka yi.

Saiti daga ta 6 zuwa ta 1 shi ne E, A, D, G, B, E, manhajar saiti ta waya kuma a tabbata ma'aunin A ɗinta yana kan 440. Amma kowa sai ya iya na kunne, don ranar da dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya kashe waya: ta 6 a firet na 5 ta yi daidai da ta 5 a sake, wato ba a danna ta ba, haka ta 5 da ta 4, haka ta 4 da ta 3, sai ta 3 a firet na 4 ta yi daidai da ta 2, sannan ta 2 a firet na 5 ta yi daidai da ta 1. Kullum daga ƙasa ake hawa zuwa sautin. In an zarce, a sassauta a sake hawowa, in ba haka ba tsirkiyar za ta zame ana tsakar kiɗa.

Yatsun hagu an ba su lamba: manuni 1, na tsakiya 2, na zobe 3, ƙarami 4. Motsa yatsu a firet na 5 zuwa na 8 ake yi, ba a na 1 zuwa na 4 ba, saboda a can ratar ta fi ƙanƙanta, hannu ba ya buɗewa fiye da ƙima. Yatsa ɗaya firet ɗaya, tsirkiya bayan tsirkiya.

Kod biyu aka bayar. Em: yatsa 2 a tsirkiya ta 5 firet na 2, yatsa 3 a ta 4 firet na 2, a buga duka shida. Am: yatsa 1 a ta 2 firet na 1, yatsa 2 a ta 4 firet na 2, yatsa 3 a ta 3 firet na 2, ba a buga ta 6. Yadda ake cinye minti takwas ɗin: a kama, a buga gaba ɗaya, a bi tsirkiyoyin ɗaya-ɗaya a ji wadda ta mutu, a gyara, a saki hannu a taɓa gwiwa, a sake kamawa. Sakin nan shi ne atisayen. Wanda ya kama ya riƙe na minti biyu bai koyi komai ba sai gajiya.

Lokaci kuwa an ce kowa ya liƙa shi jikin wani abu da ba ya tashi. Huɗu sun zaɓi bayan Isha'i, biyu bayan Asuba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kowa ya zo da kukan yatsa. Zafin kan yatsa na mako biyu zuwa huɗu ba komai ba ne, kanta ce ke fitowa. Ciwon wuyan hannu ko mutuwar yatsa wani abu ne daban, a ajiye jita a gyara zama.

Abubuwa uku aka gano. Masu yi bayan salla suna ɗaukar jita da danshin alwala a hannu, fatar ta yi laushi, tsirkiya ta yanka ta. A bari hannu ya bushe na minti goma. Samarin Magazine suna danna tsirkiya kamar suna ɗaure noti, wanda ke sa sautin ya haura saiti, hannu kuma ya sage. Maganinsa: a ɗora yatsa ba tare da dannawa ba, a riƙa bugawa ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har sautin ya washe, a tsaya nan. Iyakar ƙarfin da ake bukata ke nan, kuma ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba in yatsan na dab da bayan firet, ba a tsakiyar gida ba. Na ukun farce. Na hagu a yanke shi ƙasa sosai, in ba haka ba yatsa ya kwanta ya kashe tsirkiyar da ke ƙarƙashinsa.

Baƙin mai da gumi na cinye tsirkiya cikin 'yan makonni. A wanke hannu da sabulu tun da wuri, a goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane atisaye, har da ƙarƙashinsu.

Asabar, 30 ga Nuwamba

An ƙara C da E. Ba a zaɓe su don daɗinsu ba, sai don kusancinsu da abin da hannu ya riga ya sani. Daga Am zuwa C yatsa 3 kaɗai ke tashi, ya koma tsirkiya ta 5 firet na 3. 1 da 2 suna nan daram. E kuwa siffar Am ce aka ɗaga kowane yatsa zuwa tsirkiyar da ke samansa.

An fara awon minti ɗaya: a ɗauki kod biyu, a kunna agogo, a ƙirga sau nawa aka sauya, a rubuta. Matakin farko 30 a minti, inda ake so a je 60. Am da C kowa ya haura 30 yau. Em da C ana tsakanin 12 da 20, saboda babu yatsan da ke zama, kuma ana ajiye su ɗaya bayan ɗaya, 1 sannan 2 sannan 3. An ba da atisayen juya tsari: a fara ajiye yatsa 3, wanda ya fi nisan tafiya, sauran su biyo.

Ranar 7 ga Disamba ranar zaɓe ce, babu haɗuwa. Kowa ya ɗauki sautin atisayensa na minti ɗaya a waya ya turo ta WhatsApp.

Asabar, 14 ga Disamba

Sautukan da aka turo sun nuna babban gibin jadawalin. Lambobin sauyi suna hawa, wasu sun kai 40, amma babu ko ɗaya da ya yi zagaye huɗu na Am, C, Em ba tare da hannun dama ya tsaya jiran na hagu ba. Awon minti ɗaya yana koyar da sauri, ba ya koyar da lokaci, kuma jadawalin ya ajiye bugu a ƙarshe, lokacin da an gaji, shi ma a kan kod guda.

Ka'idar da aka kafa daga yau: hannun dama ba ya jira. Kamar dakan fufu ne, taɓarya na sauka a kan lokacinta, mai juyawa ne ke neman tsakanin saukar ya sa hannu ya janye. In kod bai kammala ba, a buga shi a haka da matattun tsirkiyoyinsa a wuce. Da farko abin ba daɗin ji, telan ma ya ce, "Malam, ai wannan ɓarna muke koya." Ba ɓarna ba ce. Kod mai ƙura a kan lokaci yana washewa da kansa cikin mako biyu ko uku, amma tsayawa in ta zama ɗabi'a sai an yi watanni ana cire ta.

Jadawali na biyu, minti 25 ɗin dai:

Minti 2, saiti. Minti 4, hannun dama shi kaɗai da metironom, manhajar da ke buga ƙwas-ƙwas a kan lokaci, hagu ya kwanta a kan tsirkiyoyi ya kashe sautin. Minti 5, awon sauyi, nau'i uku. Minti 4, sabon kod. Minti 8, zagaye da metironom. Minti 2, rubutu. An soke motsa yatsu na ɗan lokaci, tunda awon sauyi na yin aikinsa.

Metironom na waya a kan bugu 60 a minti. Ƙirga da baki dole ne: ɗaya da biyu da uku da huɗu da. Hannu na sauka a kan lamba, yana hawa a kan "da", ko ya taɓa tsirkiya ko bai taɓa ba. Ƙafa na taka lamba. A zagaye, bugu huɗu ga kowane kod, kuma hagu na sakin kod a kan "da" ta ƙarshe don ya isa sabon a kan "ɗaya". Tsirkiyoyin da za su yi ƙara a sake a wannan hawan ba laifi ba ne, ƙwararru ma haka suke yi. Wanda 60 ta yi wa sauri ya buga a kan ɗaya da uku kawai, hannu na ci gaba da lilo. Ana ƙara 4 a metironom sai an yi zagayen sau uku a jere ba tsayawa. In an tsaya, a rage 8.

Fik, ɗan filastik ɗin da ake buga tsirkiya da shi, mai laushi aka raba, wajen milimita 0.5, saboda mai tauri na maƙalewa a hawa. Milimita uku zuwa huɗu na bakinsa kawai za su leƙo daga yatsu, motsin kuma daga wuyan hannu, ba daga kafaɗa ba.

Masu karɓa-karɓa sun samu aikin ranar da jita ba ta hannunsu: minti huɗun hannun dama a kan cinya, da ƙirga da taka ƙafa.

Asabar, 28 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai, kuma jitoci sun fara nunawa. Itacen jita ya fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. In iska ta bushe fiye da haka, itacen wuya na tsukewa, ƙarfen firet kuwa ba ya tsukewa, sai bakinsa ya leƙo ya riƙa kartar hannu. Fuskar jita na lotsawa, tsirkiyoyi su sauko su fara zuza. Biyu sun yi haka, har da wadda aka rage wa jaki a Nuwamba.

Ba a taɓa sandar wuya ba, domin da damina ta dawo a Maris ko Afrilu itacen zai sha danshi ya koma. Abin da aka yi: robar sabulu mai murfi, a huda murfin wuri takwas ko goma, a sa soso a jiƙa a matse har ya daina ɗiga, a ajiye cikin jakar jita wajen kai, a zuge. A sake jiƙawa duk bayan kwana biyu. Jitar da ba ta da jaka a sa ta cikin babbar leda a ɗaure baki. Kada ruwa ya taɓa itacen, kada a jingina ta kusa da kurfoti, wato murhun gawayi, ko jikin taga mai rana. Wadda zuzarta ta yi yawa an sa mata siririn yankin tsohon katin roba a ƙarƙashin jaki, za a cire da damina.

Wani batu na gidan haya: maƙwabta sun yi magana a kan masu yi bayan Isha'i. A cusa soso ko tsohuwar safa a ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da gada. Ƙarar na raguwa sosai, bugun kuma na fita sarai, wanda ma ya fi amfani ga minti huɗun hannun dama.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

G da G7. An zaɓi kamun G da yatsu 2, 3, 4: yatsa 2 a ta 5 firet na 2, yatsa 3 a ta 6 firet na 3, yatsa 4 a ta 1 firet na 3. Ya fi wuya a makon farko saboda ƙaramin yatsa ba shi da ƙarfi, amma daga C yatsu 2 da 3 hawa ɗaya kawai za su yi tare, kuma G7 na nan kusa: a ɗage 4, a sa 1 a ta 1 firet na 1. Wanda ya saba da kamun 1, 2, 3 sai ya juya hannu gaba ɗaya duk lokacin da zai koma C, alhali a hailaif, kiɗan Ghana, wannan sauyin na yawan zuwa.

F cikakke, mai shimfiɗa yatsa a kan tsirkiya shida, ba ya cikin jadawali yanzu, kuma ba zai shiga ba sai bayan Salla. A madadinsa Fmaj7: yatsa 1 a ta 2 firet na 1, yatsa 2 a ta 3 firet na 2, yatsa 3 a ta 4 firet na 3, ta 1 a sake, a buga huɗu na ƙasa. Daga C yatsa 1 na zaune, 2 da 3 ne ke saukowa. Wanda ya kai 40 a minti tsakaninsa da C sai ya kwantar da yatsa 1 ya haɗa ta 1 da ta 2, ya zama ƙaramin F. Sirrinsa a ɗan karkata yatsan ya danna da gefensa mai ƙashi, babban yatsa kuma ya sauko tsakiyar bayan wuya.

Metironom: biyar suna tsakanin 72 da 80 a zagayen Am, C, Em. Ɗaya yana 64, shi ne wanda ke tara atisayen mako ya yi awa biyu ranar Lahadi. Littafinsa ya nuna jimillar mintocinsa ta kusa ta sauran, sakamakon ne bai kusa ba, kantar yatsunsa ma ba ta zauna ba. An rage masa zuwa minti 12 a kullum, saiti da hannun dama da zagaye kawai.

Asabar, 25 ga Janairu

Salon bugu na farko mai tsallake: ƙasa a ɗaya, ƙasa da sama a biyu, a tsallake saukar uku a taɓa hawanta, ƙasa da sama a huɗu. Kuskuren kowa ɗaya ne, hannu na daskarewa a uku maimakon ya sauka a iska. A koma 56, a faɗi "uku" da ƙarfi hannu na wucewa ba tare da ya taɓa ba. Wannan ya ci minti huɗun hannun dama na mako biyu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An shigo da kiɗan yatsa biyu, babban yatsa da manuni, wanda shi ne tushen jitar hailaif ta gargajiya. Matuƙan jirgin ruwa 'yan Kru na Laberiya ne suka yaɗa salon a gaɓar teku, Kumasi Trio suka ɗauke shi a faifai a Landan a 1928, kuma a garin nan Agya Koo Nimo ya shahara da riƙe shi. An ce kowa ya saurari faifansa da kunne ɗaya a kan tsirkiyoyi masu kauri kawai.

Mataki na farko babban yatsa shi kaɗai. A raba zagayen bugu huɗu gida takwas, ya buga a na 1, na 4 da na 7, wato uku, uku, biyu. A kan C: ta 5, ta 4, ta 4. A kan ƙaramin F: ta 4, ta 3, ta 3. A kan G7: ta 6, ta 4, ta 4. Sai an tafa shi da hannu ana taka ƙafa kafin a taɓa jita. Wanda bai iya tafawa ba, ba zai iya bugawa ba. Manuni zai shigo a kan ta 2 da ta 1 ne bayan babban yatsa ya yi minti biyu a 60 bai kauce ba. Haɗa su da wuri na sa babban yatsa ya bi manuni, bugun ya koma daidai-wa-daida, ɗanɗanon ya tafi.

Zagayen aiki yanzu C, C7, F, G7. C7 ba sabon kamu ba ne, C ne aka ƙara yatsa 4 a ta 3 firet na 3. Jadawali ya koma minti 30, biyar ɗin da aka ƙara na babban yatsa ne. Mai jitar nailan ya fi kowa jin daɗin wannan sashe, masu ƙarfe kuma su sa ran ɗan bororo a gefen babban yatsa in suka ja da ƙarfi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Matsayi a yau: kowa na da kod tara. C da G7 ana tsakanin 45 da 60 a minti. C7 zuwa F shi ne mafi rauni, babu wanda ya haura 30, don haka shi ne na farko a awon sauyi har sai ya kai 40. Huɗu sun fara sa manuni. Mai minti 12 ya kai 76 a metironom, an mayar da shi minti 20.

Azumi zai kama a farkon Maris, kuma bayan Isha'i na Tarawihi ne. An dakatar da haɗuwar Asabar da duk wani sabon darasi har bayan Salla. Wanda ya zaɓi ajiye jita watan gaba ɗaya ya sassauta kowace tsirkiya da murɗi ɗaya, ya goge, ya zuge jaka, ya sani kuma kanta za ta ragu, sai ya dawo da minti 10 a makon farko. Wanda zai ci gaba, minti 10 da soso a ƙarƙashin tsirkiyoyi: 2 saiti, 3 awon C7 da F, 5 babban yatsa a 60.

Da ruwan farko ya sauka a cire robar sabulu daga jakunkuna, a zare katin da ke ƙarƙashin jaki, a sake awo ukun na ranar 2 ga Nuwamba. Tsirkiyoyin masu ƙarfen ukun sun dushe, ta 3 a guda biyu ta fara warwarewa a kan firet na 2. Za a sayo sababbi a Adum, tsakiyar garin Kumasi, masu lamba 11 zuwa 52 wannan karon. D da Dm su ne darasin farko bayan Salla.